Tumakin maƙwabci suna lalacewa a kango: sakaci ne, kuma wa za a kai wa ƙara?

Tambaya: Ina zaune a Mabera cikin Sakkwato. Jikin gidanmu akwai kangon da wani ya ɗaure tumaki bakwai da raguna biyu. Mai su ba a unguwar yake ba, yaro ne yake zuwa, wani lokaci sai a kwana biyu bai leƙo ba. Haƙarƙarinsu duk a waje, ɗaya tana ɗingishi, biyu suna zawo da majina. Shekaranjiya ɗaya ta mutu, har yanzu mushen yana nan. Ni ma ina da tumaki uku a gida. Sakaci ne wannan ko halin rani? Wa zan gaya wa ba tare da na ƙulla gaba da mutane ba?

Amsa:

Hajiya, abin da kika bayyana ya wuce halin rani. Matsala biyu ce a kangon nan, kuma kowace da ƙofar da ake bugawa dominta. Akwai rashin kula, akwai kuma alamar cuta mai yaɗuwa. Ta biyun ba ta jiran a gama lallashi, don haka da ita zan fara.

Zawo da majina a jikin dabba fiye da ɗaya, ga kuma mutuwa a cikin kwanaki kaɗan, abin da likitan dabbobi zai fara zargi shi ne annobar tumaki da awaki da ake kira PPR. Tana farawa da zazzaɓi mai kai digiri 40 zuwa 41, dabba ta daina cin abinci, ido ya yi kwantsa, majina ta fara da ruwa-ruwa sannan ta yi kauri ta bushe a hanci har ta toshe shi. Bayan kwana biyu ko uku sai zawo mai wari ya biyo baya, baki ya yi gyambo a dasashi da leɓe, numfashi ya yi ɗoyi, tari ya shigo. Ta fi yi wa awaki kisa, amma tumakin da yunwa ta riga ta karya ba sa jure mata. Tana bin numfashi da majina da kashi, tana bin bokitin ruwa da kwanon dusa da aka yi tarayya a kai. Daga kamuwa zuwa bayyana kwana huɗu ne zuwa shida. Sau da yawa tana shiga garke ne ta sabuwar dabbar da aka sayo a kasuwa aka haɗa da na gida a ranar, shi ya sa take yawaita idan Babbar Salla ta matso, lokacin da ake ta jigilar raguna tsakanin kasuwannin Kara da Achida da Illela. Ba ita kaɗai ke kawo zawo ko majina ba, tsutsar ciki da ciwon huhu ma suna yi, kuma gwaji ne yake rabewa. Amma zargin kawai ya isa a kira likita yau.

Naki ukun ki tsare su a gida daga yanzu. Kada su fita yawo, kada a ara wa yaron nan bokitinki ko daronki, kuma yaran gidanki su daina shiga kangon. Wanda ya shiga ya wanke hannu da takalmi da sabulu kafin ya kusanci turkenki. Akwai allurar rigakafin PPR, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a jihar Filato tana yin ta, kuma allura ɗaya tana tsare dabba shekara uku aƙalla. Lafiyayyu ake yi wa. Wadda ta riga ta kamu rigakafi ba ya warkar da ita, sai dai a ba ta ruwa da maganin da zai hana ciwon huhu hawa kanta.

Sai mushen. A zafin Sakkwato mushe yana kumbura cikin yini guda, ƙuda da karnuka su raba abin da ya kashe shi ga unguwa. Abin da za a tambayi yaron shi ne yadda tunkiyar ta mutu. In ta daɗe tana rama da zawo, wannan daban. In kuwa lafiyarta ƙalau da dare aka wayi gari ta mutu, ga baƙin jini marar daskarewa yana fita ta hanci ko baki ko dubura, to kada kowa ya taɓa ta, kada a feɗe, kada a cire fata. Wannan siffar ciwon saifa ce, yana kama mutum, kuma ƙwayarsa in ta sha iska tana zama a ƙasa shekaru masu yawa. An tabbatar da ɓullarsa a wata gona a Suleja ta jihar Neja a watan Yulin 2023, don haka ba labarin da ba ne. Irin wannan mushe rami mai zurfin mita biyu ake yi masa, ƙarƙashin kulawar jami'in dabbobi. Ko ba saifa ba ce, binnewa ake yi mai zurfi nesa da rijiya, ba a ja shi zuwa bola ko kwata.

Yanzu maganar sakaci. Gaskiya ne daga Maris zuwa saukar damina yawancin tumakinmu suna faɗawa. Ciyawa ta ƙare, harawa ta yi tsada, zafi yana haura digiri 40. Kuma Uda da Balami dogaye ne masu dogon ƙafa, ko suna cikin ƙoshi ba sa cika ido kamar yadda wanda bai saba da su ba yake zato. Saboda haka ganin haƙarƙari kaɗai ba ya zama hujja. Tunkiyar da ramar rani kawai ke damunta za ki gan ta a tsaye, kunne yana motsi, ido garau, tana tuƙa idan ta kwanta, kashinta ƙwaya-ƙwaya, kuma tana rige-rige zuwa wurin abinci. Wadda aka yi wa sakaci kanta a sunkuye yake, ido ya faɗa, kwiɓinta na hagu ya lotsa saboda tumbi babu komai, ba ta tuƙa, tana cin igiya da leda da takarda, tana lasar bango. In ta kai ga daina kuka ta kwanta, abin ya yi nisa, domin mai sauran ƙarfi ce take kuka.

Likita idan ya zo ba da ido zai auna ramar ba. Zai ɗora hannu a gadon baya, tsakanin haƙarƙari na ƙarshe da ƙugu. In ƙashin baya ya tsaya da kaifi, yatsu suna shigewa ƙarƙashin ƙasusuwan gefe ba tare da sun ci karo da nama ba, wannan shi ne mataki na ɗaya a ma'aunin da ke zuwa biyar, kuma dabba ba ta kai nan a mako guda. Shaida ce ta yunwar makonni ko ciwon da aka bari. Zai janye fatar ido ta ƙasa: ja ko ruwan hoda lafiya ce, fari fat kuwa jini ya ƙare, galibi tsutsar ciki mai shan jini ko ciwon hanta. Ciwon hanta ya fi kama dabbobin da suka yi kiwo a fadama, irin ta bakin gulbin Rima da wajen Wurno da Goronyo, saboda dodon-koɗin da ke ɗauke da tsutsar a ruwa yake zaune. Kumburi mai laushi a ƙarƙashin haɓa shi ma alamar hakan ce. Zai kuma tsunkuli fatar wuya ya sake. In ta koma nan take babu ƙishirwa mai tsanani, in ta tsaya a tattare na daƙiƙa da yawa jikin ya bushe.

Akwai abu ɗaya da ya zama ruwan dare a cikin gari, wato leda. Dabbar da ke jin yunwa tana haɗiye ledar da ke da ƙanshin abinci, ta taru a tumbi ta dunƙule. Sai ki ga tunkiya ƙashi da fata amma cikinta a cike da tauri, tana ɗan taɓa abinci ta bari, kashi kaɗan-kaɗan. Mahautan mayankar Sakkwato sun san wannan sarai. Babu maganin sha da ke narkar da ita, sai tiyata ko yanka. Na kawo wannan ne domin wani mai dabba zai rantse yana ba da abinci, kuma da gaskiyarsa, amma kangon da ke cike da leda ya riga ya cuce shi.

Ɗingishin kuma a wurin da ake ɗaure dabba dare da rana yakan fito daga abu uku: igiya ta ci ƙafa ta yi miki, kofato ya yi tsawo ya lanƙwashe saboda ba a tafiya kuma ba a yanke shi, ko tsakanin kofato ya ruɓe saboda tsayuwa cikin fitsari da kashi. Miki in ya kwana biyu a buɗe ƙuda yana yi masa ƙwai, tsutsa ta shiga nama. Igiyar leda siririya ita ce mafi muni, tana yanka kamar wuƙa idan dabba ta yi ta fizga don ta kai ga inuwa.

Ga ma'aunin da za ki gwada abin da kike gani da shi. Babbar tunkiya tana buƙatar busasshen abinci kimanin kashi 3 cikin 100 na nauyinta kullum, wato mai kilo 35 zuwa 40 tana cin kilo ɗaya da ɗan ɗori na harawa da ƙowa da dusa a haɗe. Ruwa lita huɗu zuwa shida, mai shayarwa a bazara ta fi haka. Takwas ɗin da suka rage ke nan suna neman abinci wajen kilo 10 da jarka biyu ta lita 25 a kowace rana ta Allah. In ɗan ga-ruwa bai sauke jarka biyu a ƙofar kangon ba, kuma babu famfo a ciki, to lissafin ya nuna kansa. Kwana biyu babu ruwa a watan Afrilu yana iya kashe tunkiya mai zawo. Sai inuwa: rumfar zana ko ta buhu da za ta rufe su daga hantsi zuwa la'asar. Tunkiyar da ke haki baki buɗe tana cikin haɗari a wannan sa'ar.

Tun yanzu ki fara tara abin da idonki ya gani. Ki rubuta rana da lokaci: yau yaro ya zo ko bai zo ba, an zuba ruwa ko ba a zuba ba, nawa ke tsaye nawa ke kwance, yaushe aka yi mutuwar. In ana hango su daga gidanki ko daga hanya, hoto ko ɗan bidiyo na waya yana taimakawa, musamman wanda ya nuna bokitin da babu ruwa da mushen. Kada a haura katanga don ɗauka. Kuma ki tsaya kan abin da kika gani, ban da abin da kike zato game da halin mutumin. "Daga Litinin zuwa Laraba ba a kawo ruwa ba" magana ce da mai unguwa zai iya aiki da ita. "Mutumin nan azzalumi ne" faɗa ce kawai za ta haifar.

Mai tumakin shi ne na farko da ya kamata ya ji, kuma yau, ba sai an gama tara shaida ba. Ya fi kyau maigidanki ko wani dattijon gidan ya nemi lambarsa ya kira shi. Dalilin da ya sa nake nacewa a kan wannan shi ne, sau da yawa mai dabbobin bai san halin da suke ciki ba. Yana aiko da kuɗin harawa da dusa, yaron yana sayen rabi, ko yana sayar da abin da aka ajiye. Wani kuma ya sayi raguna don kiwon layya da lissafin farashin bara, abinci ya tashi, ya kasa, kunya ta hana shi sayarwa da asara. Wani rashin lafiya ce ta kwantar da shi. Akwai kuma bayin Allah da rashin tsaro ya koro daga wajen Isa da Sabon Birni da ragowar dabbobinsu, babu gona babu rumbu. Kowanne da irin maganar da za a yi masa. A buɗe da abin da ya shafe shi: "Alhaji, dukiyarka tana lalacewa, ɗaya ta mutu, biyu ba su da lafiya, muna tsoron kada ciwon ya kama na unguwa." Mutum ya fi saurin tashi idan ya ji asara fiye da idan ya ji zargi. Shawarar da ta fi yi masa amfani in ƙarfinsa ya gaza ita ce ya sayar da biyu daga cikin lafiyayyun, bayan likita ya sallame su, ya ciyar da sauran da kuɗin.

A rana guda kuma a sanar da likitan dabbobi, ko mai su ya yarda ko bai yarda ba. A cikin gari akwai asibitin dabbobi na jiha da ke titin Aliyu Joɗi, akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kuma ƙananan hukumomi suna da malaman dabbobi a sashen aikin gona. Wannan ita ce ƙofar da ta fi ƙarfi, saboda dokar tarayya ta hana yaɗuwar cututtukan dabbobi, wadda aka kafa a 1988 aka sabunta a 2022, ta ɗora wa mai dabba nauyin sanar da hukuma idan ana zargin irin wannan cuta da kuma ware marasa lafiya, ta kuma ba jami'in dabbobi ikon dubawa da hana fitar da su. Idan za a kai rahoto a faɗi unguwa da kwatance, yawan dabbobin, alamun da aka gani da ranar da suka fara, yawan waɗanda suka mutu, ko an kawo sabuwar dabba kwanan nan, da ko akwai wasu dabbobi a maƙwabta. A ambaci mushen da ba a binne ba. A nemi sunan jami'in da ya karɓa, a kuma roƙa kada a bayyana wanda ya kawo maganar in ana gudun tashin hankali. Likita idan ya shiga saboda ciwo, zai ga yunwar da ƙishirwar da idonsa, kuma maganarsa ga mai dabba tana da nauyin da ta maƙwabci ba ta da shi.

In an yi wa mai su magana kwana biyu ko uku babu canji, sai mai unguwa. Shi ya san mai kangon, ya san wanda ya ba da izinin ɗaure dabbobi a ciki, kuma yana iya kiran mutum ya zaunar da shi. In abin ya fi ƙarfinsa zai miƙa ga hakimi, daga nan uban ƙasa. Limamin unguwa ma yana da abin faɗa a nan, domin wannan ba sabon hukunci ba ne a wurinmu. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nemi abinci ba, yana cikin Bukhari da Muslim. A Mukhtasar na Khalil, wanda malamanmu na Malikiyya suke karantarwa, ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita idan babu makiyaya, in ya ƙi ko ya kasa a sayar da ita. In ragunan na layya ne, a tuna masa cewa marar lafiya mai bayyanannen ciwo, da gurgu, da ramammen da ba shi da ɓargo ba sa isarwa. In ya zamana dillali ne ko mai sana'ar dabbobi, shugabannin kasuwar Kara suna da hanyar jan kunnen nasu.

'Yan sanda da kotu su ne na ƙarshe. Dokar hukunta laifuffuka ta Penal Code da ake aiki da ita a Arewa ta haramta zaluntar dabba, kuma takardar likita da rubutunki na kwanaki su ne za su riƙe ƙarar. Amma a ganina ba nan ya kamata a fara ba. Shari'a tana ɗaukar makonni, tunkiya mai zawo kwanaki gare ta, kuma gabar da za ta biyo baya a kanku za ta zauna. Haka ma saka hoton a Facebook da sunan mutum ko kwatancen gidansa: yana iya juyewa ya zama ƙarar ɓata suna a kanki, mai dabbobin kuma ya kwashe su da dare ya kai kasuwa, ciwon ya bazu inda ba a zata ba.

Akwai abubuwan da tausayi yake sa mutane su yi waɗanda suke ƙara ɓarna. Kwance su a sake su yana jawo zargin sata, su shiga titi ko bola, su kai wa dabbobin unguwa ciwo. Yi musu allura ko ɗura musu magani ba da sanin mai su ba yana sa in ɗaya ta mutu a ɗora a kanki, kuma wasu magungunan tsutsa irin albendazole suna illa ga ɗan tayi a farkon ciki. Mafi haɗari shi ne a ɗebo ragowar tuwo ko shinkafa ko dusa daro guda a zuba wa dabbar da ta kwana biyu ba ta ci ba. Tumbin da ya daɗe babu komai ba ya iya sarrafa hatsi da yawa lokaci guda. Yana tsami, ciki ya kumbura, zawo ya tsinke, dabbar ta mutu cikin kwana ɗaya ko biyu, a ce maƙwabciya ta ba su guba.

Abin da za ki iya yi, da izinin mai su ko a gaban yaron ko mai unguwa, shi ne ruwa da harawa. Ruwan a ba su kaɗan-kaɗan, kamar lita ɗaya kowace dabba, a dakata rabin sa'a a ƙara, har su daina rububi, sannan a bar musu shi a gabansu. A yi amfani da mazubin da ba zai dawo gidanki ba. Masu zawo a haɗa musu ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, su sha da kansu. Kwana uku na farko harawa kawai ko busasshiyar ciyawa mai kyau. Daga nan a fara dusa tafin hannu ɗaya a rana kowace dabba, ana ƙarawa sannu a hankali cikin kwana 10 zuwa 14. Raguna kada a cika musu dusa babu wadataccen ruwa da harawa, tana sa musu tsakuwa a mafitsara, ka ga rago yana nishi yana miƙa fitsari ya ƙi fita. A sassauta igiyoyin, a mayar da ɗaurin daga ƙafar da ta yi miki, a tsince ledojin wurin, a ware masu zawo a kusurwa guda da nasu mazubin.

Wadda ta kwanta a gefe ta miƙe ƙafa kada a ɗura mata komai, ruwan huhu zai tafi ya ƙarasa ta. A tayar da ita ta kwanta a kan ƙirjinta, a tokare ta da buhu, a kai ta inuwa, a riƙa juya ta bayan 'yan sa'o'i har likita ya iso. Shi zai faɗa ko mai tashi ce. In ya ce ba za ta tashi ba, shi ne kuma zai faɗa ko namanta ya ciwu ko binnewa za a yi, domin dabbar da aka yi wa allura kwanan nan akwai adadin kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar maganin da dole su cika kafin a ci namanta, kuma mai zazzaɓin da ba a san dalilinsa ba ba a kai ta wurin mahauci.